Shirun da Kaka Take Bar wa Auta

Daga Allah muke, gare Shi kuma Kaka ta riga mu komawa, ranar Talata da hantsi, a ɗakinta da ke hawa na biyu a unguwar Nuzla ta Jidda, mukayyif mai sanyaya ɗaki yana ta ƙararsa kamar ba abin da ya faru.

Kwana uku muka yi muna karɓar gaisuwa. Na zuba gahawa har hannuna ya koyi zubawa ba da sanina ba. Ina jin ko barci nake aka miƙo finjali zan cika shi. Mata suka cika falo, suka cika matattakala, takalma suka taru a bakin ƙofa kamar an buɗe sabon shago a kasuwar Bab Makka. Kowa da irin kukansa. Gwaggo, ƙanwar Baba, tana yin nata da Larabci, idan ta gaji ta koma Hausa. Maƙwabciyarmu 'yar Yaman, wadda suka shekara talatin suna faɗa da Kaka a kan igiyar shanya, ta zauna a bakin ƙofa, ta ƙi shiga ta ƙi tafiya, tana ta cewa, "Yanzu da wa zan yi?" Wata nas 'yar Najeriya da Kaka take aika wa kuka da daddawa ta zo da kayan aiki a ƙarƙashin abaya, ta ce duk faɗin Jidda a gidan nan kaɗai ake yi mata tsawa irin ta gida.

Sai tsofaffin da suka taso daga unguwar Bani Malik. Ɗaya ta kama hannuna ta ce, "Allah ya ji ƙan kakarki. Baiwar Allah mai sanyin hali, ba ka jin bakinta."

Na waiwaya in ga ko da wata take. Kaka? Matar da idan ta ƙwala wa Baba kira ta taga masu kamun kifi a bakin teku suke amsawa? Na ce amin, na ƙara mata dabino.

Gaisuwa ɗaya ce ba ta shigo ba, kuma ita ce ta hana Baba cin abinci. Kaka tana da ƙanwa guda, uwa ɗaya uba ɗaya, a wani ƙauye can bayan Haɗeja. Ita tana ce mata Auta, mu muna ce mata Kaka Auta. Ba ta riƙe waya, surukarta ce mai waya. Ranar da Kaka ta rasu, Baba ya kira ya faɗa, har da wata takwas ɗin da ta yi tana jinya. Washegari ya sake kira don ya yi mata gaisuwa, ya buɗe muryar wayar muna ji, sai surukar ta yi ta kame-kame, daga baya ta faɗi saƙon yadda aka ba ta.

"Ta ce a gaya muku ba ta karɓar gaisuwa. Ta ce wata takwas yayarta tana ciwo, amma kowace Juma'a murya tana zuwa mata garau, ba tari ba nishi. Ta ce ko akuya ce ta yi tari a gidan nan ana ce mata sannu, ita an hana ta ce wa yayarta ko sau ɗaya. Ta juya fuska bango. Tun jiya ruwa kaɗai take sha."

Baba ya ajiye wayar a kan gwiwarsa. Ba wanda ya dube ni, kuma wannan ya fi a dube ni zafi. Muryar nan garau da ake magana, ni na yi ta, da ɗan yatsana, a wayata. Kuma a cikin wayar akwai saƙon Kaka na ƙarshe zuwa ga Auta, wanda ban tura ba.

A ƙasar nan ba a rubuta suna a kabari. Baba ya ce ko shi da ya sa ta da hannunsa, nan da shekara ba lallai ya gane wurin ba. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, da Hausar da ita ta cusa mini da ƙarfin tsiya, duk da na gaji gajiyar da ban taɓa yin irinta ba.

Kaka ta zo ƙasar nan tana yarinya, a bayan mahaifinta, ta hanyar Sudan. Tafiyar a bakinta wani lokaci shekara biyu ce, wani lokaci bakwai, ya danganta da girman laifin da muka yi. An bar Auta a gida saboda ba ta isa tafiya ba. Tun daga nan sau ɗaya suka sake ganin juna, lokacin da Auta ta zo aikin hajji, tun ba a haife ni ba. Kaka ba ta taɓa komawa ba, don takardunta irin waɗanda idan ka fita da su ƙofar ba ta sake buɗe maka ne.

Gyaɗa soyayya take sayarwa, da yaji da kuka, a wani lungu kusa da Bab Makka, har ƙafa ta hana ta. Duk wanda ta ji yana Hausa a kasuwa ya shiga uku. Ta taɓa jawo wani injiniya da kwat ɗinsa da jakarsa, sabon zuwa, ta zaunar da shi a ƙasa, ya cinye malmala uku yana gumi, sannan ta tambaye shi ɗan wane gari ne. Ya zo gaisuwa shi ma. Ya tsaya a ƙasan bene yana share tabarau, ya kasa hawowa.

Dokarta a gida ɗaya ce. "Larabci na salla ne da titi," in ji ta. "Idan kin shigo nan ki cire shi tare da takalmi." Ina shekara biyar na ce mata ina son moya, ta ce ba mu da shi a gidan nan. Na yi kuka, na yi birgima, harshena ya bushe ya zama kamar soyayyar gyaɗarta, ita kuwa tana zaune tana kurɓar ruwan sanyi a gabana, har Allah ya buɗe mini baki na ce ruwa.

Ba ta iya rubutu ba, Auta ma haka. Shekara da shekaru da kaset suke magana. Kaka ta naɗi muryarta a rikoda, ta ba alhazan da za su koma, amsa ta zo da alhazan baɗi. Da waya ta zo aka gwada haɗa su kai tsaye, abin ya ƙi. Maganar tana jinkiri a hanya, ga Auta ba ta ji sosai. Su fara tare, su tsaya tare, su ce "Na'am?" tare. Kaka ta miƙa wa Baba wayarsa ta ce, "Wannan ba gaisuwa ba ce, karo ne." Aka koma tsarin kaset, sai dai yanzu saƙon murya ne, kowace Juma'a bayan la'asar. Aikin ya faɗo kaina, saboda ni ce mai muntaj a gidan, wato mai yanka bidiyo da haɗa shi. Duk bikin ƙawayena da aikin makaranta ta hannuna yake bi, kuma a lokacin ina ganin duk Jidda ba wanda ya kai ni.

Ranar farko ta sa na jira ta ta ɗaura ɗankwalinta na fita, ta shafa turare. Na ce, "Kaka, murya ce fa kawai, ba ta ganinki."

"Ke ce ba kya gani. Danna."

Na danna. Ta gyara zama ta ce, "Auta, ina wuni?" Sai ta yi shiru. Na ɗauka ta manta abin da za ta ce, na buɗe baki, ta watso mini harara. Can ta gyaɗa kai ta ce, "Madalla. Ina gajiya?" Ta sake yin shiru. Ina yara, shiru. Ya ƙafar, dogon shiru, har na fara tunanin abin da zan zama idan na girma. Saƙon ya kai minti goma sha ɗaya, maganar da ke ciki ba ta fi ta minti huɗu ba.

A manhajar da nake aiki da ita murya tana fitowa kamar zanen duwatsu, inda ba magana kuma layi ne a miƙe. Akwai wani maɓalli da ke kwashe duk miƙaƙƙen layin nan a bugu ɗaya. Na danna shi, saƙo ya tsuke ya yi kyau, na tura, na je na sha shayi ina jin kaina.

Amsa ta zo ranar Lahadi, gajeriya. "Yaya, korarki ake yi ne? Na buɗe baki in ce lafiya lau, kin riga kin kai kan awaki. Idan kin daina son amsata ki faɗa mini, ba sai kin bi ta kaina da gudu ba."

Kaka ta juyo a hankali. "Ke ja'ira. Me kika yi wa maganata?"

"Wurin da ba komai na cire, Kaka."

"Ba komai? Nan ne wurin zamanta! A nan take amsawa. Shekara nawa muna haka, ni in gaishe ta in jira, ita ta kunna ta amsa. Kin gayyato mutum gidanki kin kwashe tabarmi, kin ce kin yi shara."

Kwana uku ba ta yi mini magana ba. Unguwa ta yi tsit har 'yar Yaman ta ƙwanƙwasa ƙofa tana tambaya ko Hajiya ta yi tafiya. A rana ta huɗu ta turo mini ƙullin gyaɗa ta ƙarƙashin ƙofa, kuma daga ranar sunana ya koma mai almakashi.

Na daina taɓa shirunta, amma Nuzla ba ta san ana barin wa mutum wurin amsa ba. Kaka ta ce "Ina yara?" ta yi shiru, sai mai tallar gas ya hau dukan tukunyarsa a ƙasan bene. Ko kuma ita da kanta ta hango Baba ya bar ƙofa a buɗe, ta manta ana ɗauka: "Kai, don gidanku rufe ƙofar nan, sanyin na ubanka ne?" Sannan ta mai da murya mai daɗi ta ce, "Madalla, Auta." Irin waɗannan ba na yanke su, don kada gurbin ya gajarce. Kashe sautin wurin nake yi, tsawon ya tsaya yadda yake.

Nan ma ban tsira ba. Auta ta aiko cewa wayar surukarta ta lalace, tana mutuwa a tsakiyar gaisuwa. Duk inda na kashe sauti, sai ta ɗauka saƙon ya yanke, ta miƙa wayar a duba mata. Kaka ta sa na kunna mata, ta kara kunne, ta yamutsa fuska.

"Wannan shirun kabari ne. Nawa shirun akwai mukayyif a cikinsa."

Gaskiyarta. Shirun manhaja ba komai a cikinsa, kamar an toshe maka kunne. Maganin shi ne a ɗauki ƙarar ɗakin lokacin da ba mai magana, a riƙa liƙa ta a inda aka kashe. Da na yi mata bayani, sai ta miƙe ta kafa doka: minti ɗaya kada wanda ya motsa. Baba ya daskare da kofin shayi a bakin leɓe. Umma ta tsaya da ludayi a sama. Gwaggo, wadda tun da aka haife ta ba ta taɓa yin shirun minti ɗaya ba, ta kumbura kamar za ta fashe. Na ɗauka. A ciki akwai mukayyif, da tattabarun taga, da ƙas-ƙas ɗin carbin Kaka, da numfashinta. Ta saurara ta ce, "Yauwa. Numfashin ɗaki ke nan." Da wannan sunan na adana shi, yana nan har yanzu.

Ta san tsawon kowace amsa kamar ita ta auna. Idan na liƙa shiru sai ta ji kafin in tura. "Ina wuni, wannan ya isa. Ya ƙafar, ƙara mata, sai ta yi ƙorafi tukuna. Ƙara. Ba ki san Auta da gwiwarta ba."

Tarin ya fara ne lokacin ɗan sanyin da muke samu. Aka je asibiti, aka dawo, aka sake komawa, likita ya ce huhu ne, Baba ya daina dariya. Juma'ar farko da tarin ya shiga saƙo, ta nuna wayar da haɓa.

"Share shi."

"Kaka, ai gara ta sani."

"Ta sani ta yi me? Ta hau jaki ta zo? Mace mai hawan jini. Na tafi na bar ta ko tafiya ba ta iya ba, tun daga ranar ban taɓa kai mata komai ba sai murya. Ba zan kai mata ruɓaɓɓiya ba. Yalla, share."

Na share. A zanen murya tari dogon dutse ne baƙi, mai kaifin kai. Na saba da shi har ba na bukatar ji, da ido nake gane shi. In kashe, in liƙa numfashin ɗaki, in matsa gaba. Da farko uku ne ko huɗu a saƙo. Daga baya suka zama kamar duwatsun hanyar Ɗa'if. Wani tarin yakan faɗo a tsakiyar kalma ya raba ta biyu, sai in koma tsofaffin saƙonni in nemo inda ta taɓa faɗin kalmar lafiya lau, in ɗauko in dasa. Akwai wata "Alhamdulillahi" da ta faɗa kafin ciwon, mai ƙarfi, wadda na yi ta dasawa har na ji kunyarta.

Da aka kawo injin iska, mai bututu a hanci, aiki ya ƙaru, don shi ƙararsa ba ta tsayawa balle a kashe ta. Sai ta ce in riƙa kashe injin. Ta zare bututu, ta faɗi jimla biyu ko uku, ta ɗaga mini hannu, in kunna, ta huta, mu sake. Yatsana ɗaya a kan waya, ɗaya a kan injin da take numfashi da shi. Asabar ɗina gaba ɗaya a kan saƙon minti goma take ƙarewa. Ƙawayena suka ɗauka an yi mini aure a ɓoye.

Auta kuwa sai ta aiko: "Yaya, ke kin ƙi tsufa. Muryarki ta fi tawa ƙarfi." Kaka ta yi dariya har tarin ya kama ta, tana nuna ni da yatsa, wai a yaba mini. Ni ban yi dariya ba.

Wata rana na ajiye wayar na ce, "Halas, ya isa haka, Kaka. Na gaji. Ƙarya muke yi wa tsohuwa."

"Gajiya ta same ki a kan kujera, ana hura miki sanyi?" Ta tsaya neman numfashi. Sannan ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta, tana shafawa da hannun nan nata mai ƙanshin man gyaɗa. "Ƙaryar tawa ce. Ke almakashi ce kawai. Ba a tambayar almakashi ranar lahira."

Ban sani ba ko malamai za su yarda da wannan fatawa. Na dai ɗauki wayar.

Juma'ar ƙarshe ba a iya kashe injin ba. Ta ce a ɗaura mata ɗankwalin fita, a shafa mata turare. Ta yi saƙon a kwance, da bututu, da komai. Da ta gama ta ce, "Ki gyara ki tura." Na zauna a kansa Asabar, na zauna Lahadi. Idan na kashe tari da nishi, abin da ke saura bai fi tsabar shinkafa a faranti ba, ga ƙarar injin a ƙarƙashin kowace kalma. Ranar Litinin ta buɗe ido ta ce, "Kin tura?" Na ce saura kaɗan. Ranar Talata aka rufe mata ido.

Da aka share makoki, kujerun haya suka tafi, na faɗa wa Baba da Gwaggo zancen saƙon. Har lokacin Auta ba ta juyo daga bango ba.

Gwaggo ta ce, "La, la, kada ki tura. Tsohuwar da ba ta cin abinci za ki sa wa wannan a kunne? Ki goge, ya binti, 'yata, a huta."

Baba ya ce, "Ta ce a gyara a tura. Umarninta ne. Ki gyara."

Na ce, "Baba, idan ta sake jin murya garau daga matar da aka binne, me za ta ce da mu?"

Ya daɗe yana murza goshi. Ya tashi ya tafi masallaci tun ba a kira salla ba.

Na shiga ɗakin Kaka na kunna ɗanyen saƙon, na saurare shi daga farko har ƙarshe ba tare da na kalli zanen ba, abin da na daɗe ban yi ba. Gaisuwar tana nan yadda ta saba, kowace da gurbinta. Ba ta ambaci ciwo ba ko sau ɗaya, tarin ne yake faɗa mata. A ƙarshe ta ce, "Auta, na tafi na bar ki, ban dawo ba. Ki yafe mini." Sai shiru. Ba irin na ina wuni ba, ba ma irin na ƙafa ba. Ya fi minti ɗaya, injin yana ta aiki. Ranar da muke ɗauka na zaci barci ya ɗauke ta, har na miƙa hannu zan tsayar, ta ɗaga mini yatsa. A gyaran da na fara ranar Asabar na rage shi zuwa rabi, don a ganina ya yi yawa. Bayan shirun ta ce, "To, madalla. Ni ma na yafe miki, duniya da lahira."

Na saɓa wa Kaka sau dubu tana raye, a kan wanke-wanke da tsawon abaya da satar gyaɗa. Wannan ne na farko da na yi bayan ranta. Na bar wanda na gyara, na ɗauki ɗanyen. Na haɗa da nawa gajere: "Kaka Auta, ina kwana?" Na jira, ina jin kaina kamar wawiya a ɗaki ni kaɗai. "Ni ce jikar yayarki. Ni nake goge tarin, wata takwas. Ga na ƙarshe, ban taɓa ko'ina a cikinsa ba." Na tura.

Kwana biyu ba amsa. Gwaggo ta daina yi mini magana, ta koma yi wa bango magana a kaina. Duk ƙarar da waya ta yi sai in zabura in duba, ina cewa shi ke nan, na kashe ta biyun.

A rana ta uku saƙon ya zo bayan la'asar, dogo. Muka zauna a ɗakin Kaka, ni da Baba da Gwaggo, Umma tana tsaye a ƙofa. Surukar ce ta fara magana, ta ce tsohuwa ta sa an aro wayar maƙwabta, ɗaya tana kunna saƙon, ɗaya tana ɗauka, ta ce a turo mana mu ji. Sai ga muryar Kaka, daga can nesa, da kukan kaji a bayanta.

"Auta, ina wuni?"

"Lafiya lau, Yaya." Murya ƙarama, a dishe.

"Madalla. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

Sai tarin ya zo, dogon nan na farko da na san siffarsa kamar tafin hannuna.

"Sannu. Sannu, Yaya. Sannu."

Kowane tari sai da ta ce masa sannu. Ba ta tsallake ko ɗaya ba. Da aka zo kan ƙafa ta fara ƙorafin gwiwa, ta yi rabi, ta ce, "Bar ta ƙafar, ke ya jikin?" Gwaggo ta cusa gefen mayafi a baki.

"Auta, na tafi na bar ki, ban dawo ba. Ki yafe mini."

Ba ta amsa ba. Kuka ta fara, irin na tsofaffi, marar ƙarfi, mai tsayawa yana dawowa. Ni kuwa na san tsawon gurbin, ina ƙirgawa a zuci, ina cewa ba za ta kai ba, muryar Kaka za ta hau kanta. Rabin da na so in bari ya wuce tana kuka. Ta ja hanci. Ta yi gyaran murya.

"Na yafe miki, Yaya. Ba ki yi mini komai ba. Har ɓoyon da kika yi mini na yafe. Ni ma ki yafe mini."

Ko numfashi ba ta sauke ba Kaka ta ce, "To, madalla. Ni ma na yafe miki, duniya da lahira."

Har da kukan ta auna mata.

Ba wanda ya motsa a ɗakin, kamar ranar da ta kafa mana dokar minti ɗaya. Saƙon bai ƙare ba. Muka ji Auta ta sha wani abu, surukar tana cewa a hankali, kunu ne da zafi. Sannan ta ce, "Ɗana, na karɓi gaisuwa. Ya haƙuri?" Ta yi shiru.

Baba ya dubi wayar, ya gyara zama kamar tana gabansa. "Mun gode Allah, Inna," in ji shi.

"Madalla. Ke kuma mai almakashi, na san sunanki, ta sha faɗa mini. Waɗancan na wata takwas, kina da su yadda ta faɗe su, kafin ki sa hannu?"

Ta bar mini gurbi, ɗan daidai. Na ce, "Ina da su, Kaka. Duka."

"To ki riƙa turo mini ɗaya duk Juma'a. Kada ki haɗa mini su, ba na son gaggawa. Akwai sannu da yawa a bakina."

Na tura na farko jiya. Ban buɗe manhajar ba ma.

Allah ya ji ƙan Kaka, ya yafe mata tsawarta da ɓoyonta, ya sauƙaƙa mata numfashi a inda ta je. Ya sa idan an tambaye ta a kabari a ba ta lokaci ta amsa a natse, yadda ta yi wa ƙanwarta duk tsawon rayuwa. Wanda ya karanta wannan, ga wurin da zai ce amin, na bar masa.